Uwar Kwanso

…amma ta yaya ƙarfe zai yi tsawo? Abu marar rai, ba ya ci ba ya sha. Tun tana yarinya tambayar nan ta maƙale mata, ga shi yau furfura ta cika ƙarƙashin ɗankwalinta, tana zaune kan kifaffen turmi a tsakar gidan da aka binne cibiyarta, tambayar kuwa tana nan inda ta bar ta. Juwairiyya tana kallon hannuwan mahaifinta. Hannuwan kawai. Fuskar ba ta da abin da za ta ba ta — tun bara fuskar ta koma kamar ɗakin da aka kwashe kayan ciki aka bar ƙofa a buɗe — amma hannuwan…

Ikon Allah.

Ɗazu da safe hannuwan nan suka kasa riƙe buta. Ruwan alwala ya tsiyaye a ƙasa yana kallo, kamar ba nasa ba. Yanzu kuwa dubi. Na hagu ya shiga faifai ya ɗauko kwanson harsashi, ɗan bututun tagulla da bai wuce tsawon yatsa ba, wuta ta baƙanta masa baki. Ya tsayar da shi kan shimfiɗaɗɗen dutsen da ke gabansa, kafaɗa da kafaɗa da wani kwanson mai ƙyalli. Babban yatsa ya bi ta kan bakunan biyu, a hankali, kamar mai taɓa maɗigar jariri. Ya tsaya. Ya ji abin da ido bai gani ba. Na dama ya ɗauki ƙaramin magagari ya ɗora, sai sautin nan — shuu… shuu… — na hagu yana murza kwanson kaɗan-kaɗan, kada wani gefe ya fi wani shan goga. Garin tagulla yana sauka kan farin ƙyalle kamar an niƙa hantsi.

Babu rawa. Ko kaɗan. Ina rawar hannun take zuwa ta ɓuya in ya ɗauki magagari?

"Duk abin da ya sha wuta sai ya miƙe."

Muryarsa ta da ce, ba ta yanzu ba. Malam Ilu maharbi, wanda ake kwatance da shi daga nan har Damagaram, zaune a wannan gindin darbejiya, a kan buzu irin wannan. "In ya miƙe ba zai koma mazauninsa cikin bindiga ba sai an rage shi. Ka rage da yawa, ka kashe shi. Ka ƙyale shi, ya ƙi shiga. Ka tura shi da ƙarfi, ya rama a fuskarka." Sabon harsashi ba kullum ake samu ba, saboda haka kwanso ɗaya sai ya je daji ya dawo, a rage shi, a sake ɗura shi, ya koma. Shi ya sa ake ware guda wanda bai taɓa ganin wuta ba, a riƙa auna sauran da shi. Uwa yake ce mata. Sauran 'ya'ya ne. A kasuwar Maigatari ya same su wurin wani Badamagare — kartushi, in ji mutumin — tun ba a haife ta ba.

Ita ta yi tambayar ranar nan, tana leƙe daga bayan rumbu. Amma ƙanenta Ɗahiru ya kalla ya ba amsa. Ɗahirun da ke zaune yana cin ƙasa, ko magana bai gama iyawa ba.

'Yar fari ce. Ai ba a kallon ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa, ba a nuna wa duniya an san ana da shi. Kunya ce, ba ƙi ba ne. Kowa ya sani, ita ma ta sani. "A ce wa yarinyar nan ta kawo ruwa" — alhali tana durƙushe gabansa da kwanon ruwan. Ranar da za a kai ta ɗakin miji ya saɓi bindiga ya shiga daji, bai dawo ba sai da masu guɗa suka watse. Ranar da ta gama makarantar ungozoma bai ce uffan ba. Sai ga mai keke har Gumel da zabin daji a ƙunshe, an fige, an ƙyafe, babu saƙo. Ta rufe ƙofa ta ci ita kaɗai, har ƙashi.

Shi ya sa ranar da suka kai shi asibiti, da likita ya nuna ta ya ce, "Baba, wace ce wannan?" shi kuma ya sunkuyar da kai, likita ya gyaɗa kai kamar ya kama ɓarawo — saura kaɗan ta yi dariya. Ai da lafiyarsa ma haka zai yi! Kowa ya san ranar da Baba ya manta shi. Ɗahiru ya sani: ranar da ya durƙusa gaisuwa aka ce masa, "Baƙo daga ina?" Gwaggo Larai, ƙanwar Baba da take kula da shi tun rasuwar Inna, ita ma ta san tata ranar. Juwairiyya kaɗai ce ba ta da rana. Ta yaya ake gane an manta sunan da ba a taɓa kira ba?

Shuu… shuu…

Hon ɗin mota daga ƙofar gida. Kamilu direba. Tun hantsi ya gama ɗaure kaya. A lokacin ne ya nuna faifan ya faɗa mata.

"Hajiya, katifa na ɗauka, akwati na ɗauka, akuyar Gwaggo ma in kin ce a ɗora zan ɗora. Amma waɗannan? Ko ɗaya."

"Babu komai a cikinsu, Kamilu. Kwanso ne, wofi."

"Ni na san wofi ne, ke kin sani. Jami'in da zai buɗe but ɗin mota a shingen bincike fa, shi ma ya sani? Nan bakin iyaka, a wannan zamani? Kafin ki gama bayani hotona ya zagaye wayoyin mutane, an kama direba ɗan Gagarawa da kayan 'yan bindiga. Ina da iyali, Hajiya."

Gaskiya ya faɗa. Abin haushin ke nan — babu wanda ya yi ƙarya a cikin wannan magana, babu wanda za a ji haushi.

To bari ta sake jera abin, yadda ta saba jera almakashi da zare a kan tire kafin karɓar haihuwa. Baba ba zai zauna a nan ba: gwiwoyin Gwaggo sun gama aiki, ɗanta na zuwa daga Maigatari ya tafi da ita, kuma watan jiya a kan hanyar Sule Tankarkar aka tsinto Baba, ba takalmi, rana tsaka, yana bin sawun abin da shi kaɗai yake gani. Ɗahiru yana can Kudu wurin aiki, sai murya a waya. Saura ita. Gumel, gidanta, ɗakin da ta sa aka yi wa farar ƙasa. Yau. 'Ya'yan tagullar nan kuwa ba za su hau mota ba. In kuma babu su —

Ta gani da idonta. Ba labari aka ba ta ba.

Damina ce, gero ya kai kafaɗa. Gwaggo ta taso daga rijiya, sai ta ga bakin bindiga yana kallonta daga cikin ganye, shi kuma a durƙushe, ido ɗaya a rufe, yana jiran gada ta tsaya. "Yaya Ilu, ni ce Larai! Wace irin gada ce take ɗaura zane?" Da dariya Gwaggo take ba da labarin, amma tulun ya fashe a wurin, kuma ba ruwan rijiya kaɗai ne ya jiƙa zanen ba. Ɗahiru ya zo ya ɗauki bindigar da lasisinta ya kai wa Bulama, Bulama ya miƙa wa hukuma. Daidai ne. Sai ya ƙara da ɗauke faifan ya ɓoye a saman rumbu, wai kada ya riƙa tuna masa. Baba bai yi faɗa ba. Bai tambaya ba. Ya kwanta ya juya fuska ga bango. Tuwo ya zo ya koma, fura ta zo ta koma, ruwa ma sai dai a shafa masa a leɓe. Da aka kirawo ta daga Gumel ta tarar idanun sun faɗa, harshen ya bushe kamar ganyen kuka — ta san alamar, shekarunta nawa tana ganinta a asibiti. Ita ta sa aka sauko da faifan. Aka ajiye gabansa. Ya tashi zaune kamar an kira salla. Ya bi 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ya gama, sannan ya miƙa hannu ga ƙwaryar fura.

Ga igiyar da take riƙe da shi a duniya. Faifai guda na tagulla. Kuma ita za ta tsinke ta kafin azahar.

Shuu…

Abin da ya fi tsaya mata a rai ba ragewar ba ce. Ƙin ragewar ne. Tun da bindiga ta tafi babu wanda ya ƙara shan wuta, babu wanda ya ƙara miƙewa. Kullum sai ya ɗauko, ya tsayar kusa da uwa, babban yatsa ya bi — "Bai miƙe ba" — ya ajiye gefe. Ya ɗauko wani. "Bai miƙe ba." Daga safe har rana ta yi ja, faifai ya ƙare ya sake daga farko, magagari na kwance bai taɓa shi ba. Mutumin da bai san sunansa ba, wanda yake sa hula a kan hula, wanda yake gaishe da akuya da ladabi — amma ko sau ɗaya hannun nan bai ɗauki abin da bai ƙaru ba. Gwaggo ta ce ta sa ido, bai taɓa ba. Hankali ya tafi, adalci ya zauna. A ina ya zauna? A cikin yatsa? Allah mai iko, a ina Kake ajiye mutum in Ka kwashe shi daga kansa?

Wata da watanni yana neman guda ɗaya tak da ya miƙe.

Sai yau. Tana jan gadonsa za a fitar, ta ga tsohon burgaminsa, jakar farautarsa, a maƙale a bango, fatar ta bushe ta ƙame. Ta zazzage. 'Yan kwanso, ba su cika tafin hannu ba, baƙaƙen baki, ragowar farautarsa ta ƙarshe. Ta zuba masa a faifai don ya zauna wuri ɗaya a samu a loda kaya. Dabara ce kawai, irin ta ba yaro ƙuli ya yi shiru. Ba ta san abin da za a nuna mata ba. Da babban yatsan ya bi ta kan na farko ya ji tudun nan, ya ji ya ɗara uwa da abin da bai kai kaurin gashi ba — gadon bayan Baba ya miƙe. Wallahi ya miƙe. Kafaɗun da suka rankwafa suka buɗe. Ya ce, "Yawwa," can ƙasa-ƙasa, irin yawwar wanda ya daɗe a bakin hanya yana jiran baƙo.

Tun lokacin ba ta iya tashi daga kan turmin nan ba.

"Yaya, kai da 'ya'yan nan naka!" Gwaggo ce daga bakin madafa, tana dama fura. "Da rabin kulawar nan ka ba mutane, da tuni an naɗa ka Bulama." Ba ta jiran amsa, ta daina jira tuntuni. Ta kalli Juwairiyya ta ɗaga gira, ta nuna ƙwarya da haɓa. Sun riga sun shirya: in ya gama, Gwaggo ta juya shi ga fura, ita kuma ta ɗauke faifan. Kafin ya waiga an kama shi an sa a mota.

Daga ina tsawon yake zuwa? Ita ce tambayarta ta biyu, ita ma Ɗahiru aka amsa wa, bayan shekaru. "Ba ƙaruwa ya yi ba. Daga cikinsa ya ciro ya kai baki." Wato duk abin da magagari ya ɗauke daga baki, daga jiki aka zaro shi. Kwanso yana komawa daidai da uwa a ido, amma ciki yana ta sirancewa. Je ka dawo, je ka dawo… Ta san wannan. Ta san shi a ɗakin haihuwa: mace ta zo a karo na barkatai, fuska lafiya lau, tana gaisawa da kowa, ka ɗora hannu a cikinta ka ji saura ƙiris fatar ta zama takarda. Duk tsawon da ke jikin yaran nan da suka rako ta, daga jikinta aka zaro. Inna ma haka. Daga baya-bayan nan in Inna ta tsaya a ƙofar ɗaki da hantsi, sai ka ga kamar haske zai ratsa ta.

Shi fa? Wace wuta ya sha, wane ne ya riƙa rage shi kaɗan-kaɗan ba wanda ya lura?

Ga shi yana naɗe ƙyallen, yana karkata shi, garin tagullar yana gangarawa cikin tandu. Bai taɓa barin ƙwaya ta faɗi ƙasa ba. Tandun ya yi nauyi, ta ɗaga shi ɗazu. Duk abin da aka taɓa ragewa yana ciki, tun na kafin haihuwarta, babu abin da ya ɓata. Ko shi ma haka ne? Ko akwai wani tandu a wurin Ubangiji, inda ake tara abin da ya zube daga kan Baba — sunayen dazuzzuka, fuskar Inna, hanyar gida — ana ajiye masa har ranar da…

Astagfirullah. Tunani ne kawai.

Ya ɗauko wani. Bai kai shi ga uwa ba. Ya tsaya, yana juya shi a tafin hannu, ya kai shi kunne ya ƙyasta da farce. Ita ba ta ji komai ba. Ya sake ƙyastawa. "Wannan ya gama." Sai yanzu ta gani, da ya karkata shi ga haske: tsaga, siririya, kusa da gindi. Ya waiga ga saiwar darbejiya, ya tona ƙasa da yatsu, ya kwantar da kwanson, ya rufe, ya daddanna da tafin hannu. Haka yake yi tun da. Ba ya yar da su, ba ya ba maƙeri. Ƙarƙashin bishiyar nan cike yake da waɗanda suka gama.

To nan za ta sa na cikin faifan ke nan. Ba masai ba, yadda Ɗahiru ya ce a waya. Nan, cikin 'yan'uwansu. Sai dai su da ransu za a binne su…

Uwar kaɗai fa? Guda ɗaya. Ta ƙulle ta a haɓar zane, ko ta cusa cikin jakar magani ƙarƙashin auduga. Wa zai binciki dattijuwa da tsoho marar lafiya? Ita da ba ta taɓa tsallake layi ba a rayuwarta, ita da ake tsokana a asibiti wai ko allura ta faɗi sai ta kai rahoto. In aka gani fa? Kamilu da iyalinsa, wanda ya yarda da ita. Kuma uwa ba 'ya'ya, me zai auna? Ya tsayar da ita ita kaɗai kan dutse ya yi ta shafa iska?

Hon. Wannan karon mai tsawo.

Na ƙarshe ke nan a hannunsa. Ya Allah, na ƙarshe. Tana so ta ce masa ya yi a hankali, ya ja shi, kada ya gama — amma yaushe ta taɓa ce masa wani abu kai tsaye? Shuu… murza… shuu… Ya ɗaga magagari. Ya busa bakin. Ya zagaya ciki da tsinin wuƙa, ya ɗauke ɗan kaifin da ya rage. Ya tsayar kusa da uwa. Babban yatsa ya bi ta kansu, ya wuce sumul, bai ci karo da komai ba. Biyu sun zama ɗaya. Ba ma'auni, ba tabarau, idanun ma ba a kansu suke ba, suna can kan danga. A duk faɗin ƙasar nan wa ya san ana yin wannan a yanzu, a wannan tsakar gida? Ita da akuya. Kuma ba za a ƙara yi ba har abada.

"Yaya, ga fura. Juyo nan. Juyo mana, ango, ta sha nono."

Ya juya. Gwaggo ta tallafe ƙwarya, ta kai masa ludayi baki, rawar hannu ta dawo kamar an buɗe mata ƙofa.

Yanzu.

Ƙafafunta sun yi tsami. Ta sauko daga turmi, ta ja gwiwa, ba ta taɓa matsowa kusa da buzun nan haka ba. Warin man kaɗe da tsohuwar fata da wani abu mai ɗaci, warin yarintarta gaba ɗaya. Ta ja faifan. Kada su yi ƙara, kada su yi ƙara… Ta tura shi bayan turmi ta rufe da mayafi. Uwar tana tsaye ita kaɗai kan dutse. Ta ɗauke ta. Da ɗumi — ɗumin yatsansa. Ta damƙe ta a hannun hagu, ta kai hannun baya.

Shi ke nan. An gama. Abu mai sauƙi haka?

Ya ture ludayi. Ya juyo.

Hannunsa na hagu ya tafi inda faifai yake, ya sauka kan ƙasa. Ya ɗaga ya sake sauka. Ya shafa dutse, daga wannan gefe zuwa wancan. Ya shafa buzu, ya shiga ƙarƙashin buzu. Na dama ya riga ya ɗauki magagari, yana riƙe da shi a sama, yana jira. Babu abin da ya motsa a fuskar. Daga maƙogwaro ne wani sauti ya fara fitowa, ba kuka ba, ba magana ba, irin na raƙumin da aka ɗaure wa ƙafa. Gwaggo ta kau da kai, tana share ido da bakin zane. "Kirawo Kamilu," in ji ta, "ku ɗauke shi kafin…"

Hannun yana ta lalube, yana ƙara sauri, ya doshi wuƙar da ke gefen dutse, tsininta a sama — za ta yanke shi — ba ta yi shawara ba, hannunta na dama ne ya tafi da kansa ya tare.

Ya kama.

Ya kama yatsanta. Manuni. Tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, daidai yadda yake kama su.

Sautin maƙogwaron ya tsaya.

Kada ta motsa. Kada ta yi numfashi. Tafin nan kamar ɓawon itace, amma riƙon — ashe haka riƙonsa yake? Ba matsi, ba sako-sako. Ashe haka 'ya'yan tagullar nan suke ji duk shekarun nan? Ta haura hamsin a duniya. Ta karɓi 'ya'yan mutane da hannun nan har ta daina ƙirgawa, ta wanke gawar Inna da shi. Bai taɓa sanin fatar ubanta ba sai yau.

Yana juya yatsan ga haske. Lallen da ke jikin yatsan na sunan jikar maƙwabta ne, ya kwana biyu, ya koɗe daga ja ya koma ruwan tagulla, bakin ya yi duhu. Farcen kuwa — duk shekarun aikinta a yanke yake har nama, saboda safar hannu, saboda jarirai. Tun da ta ajiye aiki ta shiga jigilar Baba, ta manta da shi. Ya fito. Ya wuce kan yatsa.

Ya tsayar da yatsan kan dutse. Babban yatsansa ya bi ta kan farcen, ya zarce gefe, ya bi ta kan… babu. Iska. Daidai inda uwa take tsayawa, daidai tsawonta, ya shafa bakin da ba ya nan, ya dawo. Uwar tana bayanta, cikin damƙarta, tana huda mata tafi. Bai neme ta ba. Ashe ba ya bukatarta. Ashe tun tuni ta koma cikin yatsan, inda babu mai buɗe but ya gan ta.

"Wannan ya sha wuta," in ji shi.

Gwaggo ta ce, "La ilaha illallahu," a hankali, ta zauna daɓas a ƙasa.

Shuu… shuu…

Ba zafi. Tsikar jikinta ce take tashi tun daga gwiwar hannu har ƙeya. Yana murza yatsan kaɗan-kaɗan, kada wani gefe ya fi wani. Farin gari yana sauka kan ƙyalle, kan ragowar garin tagulla, suna gauraya. Zai zuba a tandu. Zai zuba ta a tandu, tare da duk abin da ya taɓa ragewa.

Farce yana fitowa. Ba ya bukatar bindiga, ba ya bukatar lasisi. Yatsu goma Allah ya ba ta, kafin ya kai na ƙarshe na farko ya… a'a, ba ya saurin haka, ta sani, ba ya saurin haka. To sauran ranakun sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa bai miƙe ba, bai miƙe ba, ta zauna gabansa daga safe har yamma da hannu a kan dutse. Za ta iya? Dutse dai zai hau mota, dutse ba laifi ba ne. Zai isa ya miƙa hannu ga fura? Ko gobe ya farka a ɗaki mai farar ƙasa ya lalubi faifai, ya ture hannunta, ya juya ga bango? Ba ta sani ba. Wallahi ba ta sani ba.

Abu ɗaya ta sani, kuma ya sauko mata kamar ruwan sanyi. Malam Ilu ba zai taɓa riƙe hannun 'yar farinsa ba. Ko da wuƙa a wuya. To ga amsar da likita ya nema, ga ranarta ita ma ta zo: ya manta ta. Mantuwar ce take riƙe da yatsanta. Da ya san ko wace ce, da tuni ya saki, ya kau da kai, ya ce a ce wa yarinyar nan…

Hon. Hon. Muryar Kamilu daga zaure, "Hajiya, rana fa tana yi!"

Magagari ya tsaya.

Bai gama ba, gefe ɗaya bai sha goga ba, tana ji. Amma ya tsaya. Idanun sun baro danga. Suna saukowa — kan yatsan, kan wuyan hannu, kan munduwar Inna da take sanye da ita — suna hawa a hankali, kamar mai bin sawu a ƙasa mai tauri. Kafaɗa. Haɓa. Bai taɓa kawowa nan ba. Wani abu yana motsi can cikin ɗakin da aka kwashe, wani abu kamar mai neman ashana a duhu. Riƙon ya ɗan sassauta. Ko ita ce take jin haka?

In ya saki, ya gane ta. In ya saki, babu abin da za ta kai Gumel da shi.

In ya riƙe…

Ta buɗe baki za ta yi addu'a, harshen ya tsaya. Me za ta roƙa? Ya Rabbi, wanne za ta roƙa?

Uwar tana hannunta na hagu. Yatsan yana kan dutse. Ba ta ja ba, ba ta tura ba.